Santana: wanne ne cikin kundayen zaɓaɓɓun waƙoƙinsa ya yi masa adalci?

Bagobiri: Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanena ya fara koyon jita, kuma duk abin da ya sani na shahararren makaɗin jita Carlos Santana bai wuce waƙar Maria Maria ba. Ina so in haɗa shi da kundi ɗaya na zaɓaɓɓun waƙoƙi wanda zai nuna masa mutumin daga farko har girmansa. Na duba na ga suna da yawa: akwai Greatest Hits na 1974, akwai The Best of Santana na 1998, akwai The Essential Santana na 2002, ga Ultimate Santana na 2007, ga kuma wani akwati mai faifai uku na 1995. Zuciyata ta fi karkata ga na 2007, tunda ya haɗa tsofaffin waƙoƙi da sababbi a faifai ɗaya. Masana, me kuka gani?

Baba Mai Garmaho: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ajiye na 2007 ɗin nan tukuna. Jera waƙoƙinsa ka ƙirga. Abin da aka ɗauko daga 1969 da shekarun 1970 kaɗan ne, su Oye Como Va da Evil Ways da Samba Pa Ti da Europa, sauran duk na 1999 zuwa gaba ne, inda ake gayyato mawaƙin da ke tashe ya yi waƙarsa, shi kuma Carlos ya riƙa cike gurbi da jita. Yaron da ya ji wannan zai ɗauka Santana mutum ɗaya ne mai raka mawaƙa. Alhali a farko Santana sunan ƙungiya ne, kuma ƙarfin ƙungiyar a ganguna yake. Michael Carabello a kan kwanga, José Chepito Areas ɗan Nikaraguwa a kan timbal, Michael Shrieve a kan manyan ganguna, David Brown da jitar bes, sai Gregg Rolie da ke kaɗa ogan yana kuma rera yawancin waƙoƙin. Waɗannan ne suka hau dandalin bikin kiɗa na Woodstock a Amurka a watan Agustan 1969, albam ɗinsu na farko ma bai fito ba, suka tayar da jama'a tsaye da Soul Sacrifice. Shrieve a lokacin shekarunsa 20.

Ni na 1974 na fara riƙewa a hannuna, faifan garmaho. Bangonsa hoton wani baƙin mutum ne ba riga, ya riƙe farar kurciya a gabansa, bayansa duhu. Ka ɗora allura, Evil Ways ta shigo, kafin ka gama gyara zama Jingo ta biyo baya. Waƙa 10 ne kacal amma babu ta yarwa.

'Yar Zariya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda a yi wa zamanin Supernatural, albam ɗinsa na 1999, wannan kallon ba. Kafin 1999 shekara nawa mutumin ya yi ba a jin sabuwar waƙarsa a rediyo? Clive Davis, wanda shi ne ya fara ɗaukar ƙungiyar a kamfanin faifai na Columbia tun farko, shi ya sake jawo Carlos zuwa kamfanin Arista. Abin da ya biyo baya ba ƙarami ba ne. Smooth, da ya yi da Rob Thomas, ta yi mako 12 a saman jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard, kuma ita ce waƙarsa ta farko da ta taɓa hawa lamba ɗaya a can, yana da shekara 52. Maria Maria ta zo ta yi mako 10. A daren Grammy na 2000 ya kwashi lambobin yabo 8, ya kamo Michael Jackson da ya yi haka a 1984. Mu da muka taso a wannan lokacin ta nan muka san shi. Da babu Maria Maria, ni da ƙanen Bagobiri ba za mu taɓa neman Abraxas, albam ɗinsu na 1970, ba. Kundin da ya tsallake wannan babin ba zai ce ya ba da labarin rayuwar mutumin ba.

Sannan ku saurari jitar da ke cikin Smooth da kunnen basira. Ba cike gurbi yake yi ba, amsa wa mawaƙin yake yi baiti bayan baiti, kuma sautin nan mai kauri da ake gane shi da shi tun 1970 yana nan bai canja ba.

Baba Mai Garmaho: 'Yata, ban ce a tsallake shi ba. Cewa na yi kada wutsiya ta fi jiki girma. Shekara 30 na aiki a ba su kashi ɗaya cikin uku, shekara 8 kuma su cinye sauran? A faifan nan har sau biyu aka saka The Game of Love, ɗaya da Tina Turner ɗaya da Michelle Branch. Gurbin ɗaya daga ciki ai da Soul Sacrifice aka ba.

Ɗan Zango: Ni ma'aunina ɗaya ne, kuma daga nan Kumasi nake faɗa: duk kundin da babu Jingo a ciki, ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Kwafin Ultimate da ke hannuna babu ita, shi ya sa yake kwance a akwati.

Wataƙila wasu a zauren nan ba su san cewa kiɗan nan na gida ba ne. Babatunde Olatunji ne ya yi shi, mutumin Ajido kusa da Badagiri a jihar Legas, wanda ya tafi karatu Amurka ya zauna can. Yana cikin faifansa Drums of Passion da Columbia ta fitar shekara kusan 10 kafin na Santana. Su Carlos suka ɗauka suka ɗora masa jita da ogan, ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da aka fara sanin su da shi. A bugun farko na albam ɗin 1969 ma ba sunan Olatunji aka rubuta a ƙarƙashin waƙar ba, sunan A. Copland aka sa, sai daga baya aka gyara.

Kuma mutanen nan sun zo mana har gida. Ranar 6 ga Maris 1971, bikin cikar Gana shekara 14 da samun 'yanci, an yi wasan Soul to Soul a dandalin Black Star da ke Akara. Wilson Pickett ya zo, Ike da Tina Turner sun zo, Roberta Flack da Staple Singers sun zo, Santana ma sun yi wasa tare da Willie Bobo. Kawuna yana cikin waɗanda suka kwana a filin, kuma har ya rasu yana cewa a cikin baƙin nan kaf, gangunan Santana ne suka fi yi masa kama da abin da kunnensa ya saba ji. To kundin da ya yanke wannan jijiyar, me ya rage masa?

Bagobiri: Yaya Ɗan Zango, wallahi ban san labarin Olatunji ba sai yau. Ke nan na 1974 da Baba ya yaba ya tsira, tunda akwai Jingo a ciki?

Mai Jita na Damagaram: Ya tsira daga wannan, amma yana da nasa laifin, kuma a wurin mai koyon jita laifin babba ne. Baba ya yi mini haƙuri.

Na farko, albam uku kawai ya taɓa: na 1969, Abraxas na 1970, da na uku na 1971. Babu Soul Sacrifice, babu No One to Depend On. Na biyu, wanda ya fi ci mini rai, Black Magic Woman da ke ciki gajeriyar ce, wadda aka datse don rediyo. A Abraxas waƙar ba ta ƙarewa a inda murya ta tsaya. Peter Green na Fleetwood Mac ne ya rubuta ta a 1968, su Santana suka ɗinke ta da Gypsy Queen ta Gábor Szabó, makaɗin jita ɗan Hangari. Ku saurara daidai inda Rolie ya gama baitin ƙarshe: Carlos zai ja sauti ɗaya ya riƙe shi, ya bar shi yana kuka, a ƙarƙashinsa kwanga na ƙara sauri, bes ya sauya taku, kiɗan da ke tafiya a hankali ya koma gudu. Minti biyun nan su ne darasin. Daga nan kuma ba a tsaya ba, sai ogan ya buɗe Oye Como Va ta Tito Puente. Wanda ya datse wurin nan tamkar ya ɗauki Bakandamiyar Shata ne ya ba ka minti uku na farko ya ce ka ji ta.

Na 1998 ya gyara wannan. Waƙa 16 ne, Gypsy Queen na manne a inda take, akwai Jingo, akwai Soul Sacrifice, akwai Europa ta albam ɗin Amigos na 1976 da She's Not There ta Moonflower na 1977. In faifai ɗaya tak ake nema, shi zan nuna.

Baba Mai Garmaho: Babu komai ɗana, gaskiya ka faɗa game da datsewar. Amma ka tuna faifan garmaho iyakarsa ke nan, gefe ɗaya bai ɗaukar abin da ya wuce minti 20 da 'yan kai ba tare da sauti ya raunana ba. Kuma a Amurka kaɗai an sayar da fiye da miliyan 7 na wannan faifan. Ta hanyarsa mutane da yawa suka shiga.

'Yar Zariya: Malam Mai Jita, na 1998 ɗin naka ya fito ne shekara ɗaya kafin Supernatural. Ke nan labarin ya tsaya ana gab da shiga babi mafi girma. Yaya za a kira shi na dukan rayuwa?

Kawun Yara: Bari in shigo a nan, don akwai abin da ke ƙarƙashin gardamar nan da ba zaɓin Carlos ba ne, kuma ba na masu kunne ba ne. Maganar mallaka ce. Daga 1969 zuwa 1990 faifansa na Columbia ne, wadda ta koma hannun Sony. Ya fita ya yi Milagro a Polydor a 1992. Daga 1999 ya koma Arista, ita kuma ta BMG ce. Kowane kamfani abin da ke rumbunsa yake tattarawa ya sayar. Shi ya sa Essential na 2002, duk da ya fito bayan Supernatural ya gama girgiza duniya, babu Smooth a ciki, babu Maria Maria. Sai a 2004 da Sony da BMG suka haɗe aka samu damar zuba rumbunan biyu a kwano ɗaya, daga nan Ultimate ya fito a 2007 ƙarƙashin Arista. Tunda su suka fitar, nasu suka fifita, suka ƙara da sababbin waƙoƙi irin Into the Night da Chad Kroeger don masu tsofaffin faifan ma su sake saye.

Wani abin lura ga mai saye: an sake fitar da Essential a 2013 da jerin waƙoƙi daban, aka shigar da na zamanin Arista, aka cire wasu na da. Suna ɗaya, kaya biyu. A juya bayan kwalin a karanta kafin a biya kuɗi.

'Yar Zariya: To ai Kawu ka kawo maslaha. A ɗauki na 2013 mana, kowa ya samu nasa.

Mai Jita na Damagaram: Hajiya, faifai biyu ba sa ƙara faɗi don an ƙara musu waƙa. Duk sabuwar da ta shiga, wata ce ta fita, kuma kullum waɗanda ake fara sadaukarwa su ne na tsakiyar tafiya, waɗanda ba su yi tashe a rediyo ba. Ni kuwa a wurina nan ne zuciyar mutumin take.

Bayan albam na uku ƙungiyar farko ta fara watsewa. Rolie da Neal Schon, yaron da ya shigo yana ɗan shekara 17 ya zama mai jita na biyu, suka fita suka kafa ƙungiyar Journey a 1973. Carlos da Shrieve kuwa kunnensu ya koma wajen makaɗan jazz, Miles Davis da John Coltrane. A 1972 suka fitar da Caravanserai, wanda yawancinsa kiɗa ne zalla, murya kaɗan, kuma babu waƙar da za a ce ga ta rediyo. Clive Davis ɗin nan da Hajiya ta ambata, da ya saurara, ya gargaɗe su cewa suna neman kashe kasuwarsu da hannunsu. Ba su janye ba. A 1973 Carlos ya yi Love Devotion Surrender da John McLaughlin, a 1974 ya yi Illuminations da Alice Coltrane. Mutumin da ke kan ganiyar kasuwa ya juya mata baya don yana neman wani abu a kiɗa, wannan ba babi ba ne da za a tsallake. A Ultimate babu ko ɗaya daga wannan zamanin. A na 1998 ma babu. Essential na 2002 ya ɗan taɓa, akwai La Fuente del Ritmo.

Wanda ya ba wa wannan zamanin haƙƙinsa shi ne akwatin 1995, Dance of the Rainbow Serpent. A faifan farko za ka ji Soul Sacrifice ta Woodstock, sannan Song of the Wind, inda jita biyu ke miƙa wa juna zance na tsawon minti 6 ba tare da an rera kalma ɗaya ba, sannan Flame-Sky. A na uku akwai The Healer da ya yi da tsoho John Lee Hooker a 1989. Kuma Yaya Ɗan Zango, akwai waƙa guda da ya kaɗa tare da Olatunji da kansa a ciki.

Ɗan Zango: Wannan kam na sani, kuma shi ya sa nake girmama akwatin. Ya koma wurin mai kiɗan ya zauna a ƙarƙashinsa a matsayin baƙo a faifan dattijon. Sai dai samun akwatin a nan yankin ba sauƙi, kuma in an samu da tsada.

Bagobiri: To shekarun 1980 fa? Ban ji wanda ya ambace su ba.

Baba Mai Garmaho: Saboda ba su da abin faɗa da yawa. Winning ta 1981 da Hold On ta 1982 sun yi kasuwa, Alex Ligertwood ɗan Sukotlan ya rera su da kyau, amma in ka rufe ido za ka iya cewa kowace ƙungiyar rok ta Amurka ce ta yi su. Ganguna sun koma baya. Matsalar Essential na 2002 ke nan a wurina: faifai na biyu kusan duka wannan zamanin ne, mutum na fara shi yana neman komawa na farko.

Kawun Yara: Yaya, a nan na saɓa maka kaɗan. A ƙarshen faifan nan na biyu akwai Blues for Salvador ta 1987, kuma albam ɗin nan ne ya kawo masa Grammy ɗinsa na farko, shekara 11 kafin daren da 'Yar Zariya ta ambata. Jita ce kawai da madannai, babu gaggawa. Kundin da ya ce zai bi rayuwar mutum dole ya nuna har da shekarun da yake laluben hanya. In an cire su, dawowar 1999 ba za ta yi ma'ana ba, don mai sauraro bai ga daga inda aka dawo ba.

Auta: Ku yi haƙuri manya, ni tambayata daban ce. A zamanin nan da komai ke YouTube da Spotify, me ya sa za a tsaya gardamar kundi? Kowa ya jera nasa mana. Ni ta hanyar Wild Thoughts ta DJ Khaled da Rihanna na san jitar Maria Maria, daga nan na bi sawu da kaina.

'Yar Zariya: Auta, ka bi sawu ka kai ina? Faɗa mana gaskiya, ka taɓa jin Song of the Wind kafin yau?

Auta: A'a Anti, yanzu nake nemanta.

'Yar Zariya: Ka gani. Manhajar abin da aka fi saurara take tura maka, shi ma abin da aka fi saurara ɗin don ana tura shi ne. Kundi kuwa wani ne ya zauna ya ce wannan ta shiga, wannan ta biyo bayan wannan, kuma ana iya kama shi da laifi in ya yi son kai, kamar yadda ake yi a nan tun safe. Duk da ina bayan Ultimate, na yarda ba zai kai mutum Caravanserai ba. Abin da nake cewa shi ne yana buɗe ƙofa ga wanda bai taɓa shiga ba, kuma ba a fara koya wa yaro da abin da zai gundure shi.

Mai Jita na Damagaram: Samba Pa Ti ba ta gundurar kowa, Hajiya, kuma babu baƙon mawaƙi a cikinta. Mu nan masu kaɗa jita a Nijar abin da ke jan mu wurin mutumin shi ne yadda yake ɗora dogon sauti a kan kiɗan da ke maimaita kansa, ganguna na zagayawa shi yana tafiya a samansu. Kunnen da ya saba da jitar Agadas ba ya baƙunta a nan. Shi ma ya gane dangantakar, don a 2006 ya gayyaci Tinariwen na Mali suka hau dandali tare a bikin Montreux na Siwizalan.

Ɗan Zango: Kuma ko a cikin zamanin Arista ɗin, abin da ya shafe mu ne masu zaɓen suka bari a baya. Africa Bamba da ke cikin Supernatural daga waƙar Touré Kunda na Senegal aka gina ta. Adouma da ta buɗe albam ɗin Shaman a 2002 ta Angélique Kidjo ce ta Binin. Babu ɗayansu a kwafin Ultimate ɗina. Ke nan ba tsoho da sabo ne kawai aka auna ba, an zaɓi abin da rediyon Amurka ya sani ne.

Kawun Yara: Akwai kuma abin da dukanmu muka yi shiru a kai. Mutumin an haife shi a 1947 a Autlán da ke jihar Jalisco ta Meziko, kuma bai ajiye jita ba. Duk kundayen nan da muke aunawa sun tsaya ne a kan hanya. A 2016 ya sake tara Rolie da Schon da Shrieve da Carabello suka yi Santana IV. A 2019 ya fitar da Africa Speaks, Rick Rubin ya shirya, matarsa Cindy Blackman a kan ganguna, Buika ke rerawa, wadda aka haifa a Sifaniya amma iyayenta 'yan Ikwatoriyal Gini ne. Babu ɗaya daga cikin biyar ɗin da Bagobiri ya lissafa da ya kai nan.

Baba Mai Garmaho: Africa Speaks na saurare shi, kuma shi ne abu na farko cikin shekaru masu yawa da ya sa na ji ganguna sun dawo gaba. Buika ba ta zo a matsayin baƙuwar waƙa ɗaya ba, ta zauna cikin ƙungiyar daga farko har ƙarshe, shi ya sa ya ɗinku.

'Yar Zariya: Baba, ke nan ba baƙin mawaƙa kake ƙi ba, yawan sauya su kake ƙi.

Baba Mai Garmaho: Haka ne 'yata. Ƙungiya sai an daɗe tare ake jin numfashin juna. In kina son ki ji abin da nake nufi, nemi Lotus, wasan da suka yi a Osaka ta Japan a watan Yulin 1973. Faifan garmaho uku ne, kuma a Japan aka fara fitar da shi a 1974, Amurkawa sun daɗe suna sayo shi daga waje da tsada kafin a buga musu nasu. Leon Thomas na cikin ƙungiyar a lokacin, Armando Peraza ɗan Kyuba na kan kwanga. Ki fara da Incident at Neshabur, wadda a Abraxas ba ta kai minti 5 ba amma a can suka ja ta ta wuce kwata na awa, sannan ki dawo mu ci gaba da maganar Smooth.